Aikin ƙashin bayan 'yata a Alƙahira: wankan da na raina

Shekararta 12 lokacin da likita a Kano ya ɗaga hoton bayanta ya nuna mana ƙashin ya lanƙwashe ya haura digiri 50, wanda a nan ne galibi ake fara zancen tiyata. Mu da muke cewa jakar makaranta ce ta sa kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tudu. Bayan an sayar da abin sayarwa muka nufi wani asibiti mai zaman kansa a Alƙahira, kuma ga abin da na gani ga duk mai shirin irin wannan tafiya.

Ni duk tsorona na kan wuƙa da jijiyar laka. Su kuwa tun ranar farko maganar ƙwayar cuta suke. Suka goga auduga a hancinta don neman wata ƙwaya mai suna Staphylococcus, wadda kan zauna a hancin lafiyayyen mutum ba ta yi masa komai, amma in ta samu ɗinki ta yi ɓarna. An same ta, aka ba mu man mupirocin na shafawa a hanci kwana 5. Aka gwada fitsari, aka duba fatar bayan ko da ƙurji.

Daren aiki nas ta kawo sabulun ruwa na chlorhexidine, ta ce a yi mata wanka da shi daga wuya zuwa ƙafa, a sake da asuba, kada a shafa mai ko hoda. Na ce ai ta yi wanka da la'asar. Tafinta ya juyo ya ce, "Hajiya, wannan ba wankan dauɗa ba ne." Na ji kunya, na ɗauki soso. Reza ma ba su yarda a aske gashi da ita ba, wai tana barin ƙananan tsagu da ido ba ya gani.

Daga baya likitan ya yi mini bayanin da ya zauna mini. Sanduna biyu da kusoshi za a ɗaura a ƙashin, ƙarfe kuma ba shi da jini. In ƙwaya ta manne masa sai ta yi wa kanta yauƙi ta lulluɓe, magani ya kasa cim mata, wani lokaci sai an sake buɗewa an wanke. Shi ya sa ake yin allurar cefazolin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, cikin sa'a ɗaya kafin yanka, a ƙara in aikin ya yi tsawo. Nata ya kai sa'a 6. Washegari suka tsayar da allurar, na tayar da hankali ina ganin rowa ce, ashe haka ƙa'idar take.

A nan dai ban ga makusa ba. Ko wace nas sai ta goge hannu kafin ta taɓa bandeji, ina ƙirgawa.

Inda suka gaza shi ne sallama. Takardar kula da ciwo da Larabci aka miƙo mana, tafinta ya riga ya tashi, lambar da suka ce mu kira kuma ba a ɗauka. Alhali ciwon da aka sa wa ƙarfe ana sa masa ido har kwana 90. Muka dawo Kano cikin zafin bazara, gumi yana jiƙa bandeji, 'yan dubiya cike da ɗaki kowa na son ya ga ɗinki. Surukata ta zo da man kaɗanya a gwangwani. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, likita ya hana." Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

A mako na uku ƙasan ɗinkin ya yi ja yana ɗan tsatsar ruwa. Ba zazzaɓi, amma ban kwana da shi ba. Likitanmu na Kano ya ɗebi ruwan aka kai gwaji, ya ce a fata ya tsaya, bai kai ga ƙarfe ba, ya rubuta magani. Shi ya kamata mu haɗa da na can tun kafin mu hau jirgi, su yi musayar lamba da rahoton aikin da Turanci. Ba wanda ya gaya mana, har su da muka biya.