Ɓauren daji ko na leda: wanne ya cancanci kuɗinka a Sakkwato?

Ɓaure iri biyu mai saye yake haɗuwa da su a garin nan, kuma ba abu ɗaya ba ne. Akwai namu na daji, wanda yara da matan ƙauye ke shigowa da shi a tire ko a ƙwarya daga bakin fadamun Rima. Akwai kuma busasshe na leda, wanda Larabawa ke kira tin, da ake samu wurin masu dabino a Babbar Kasuwa, musamman gab da azumi. Turkiyya ce ƙasar da ta fi kowace noman shi. Itacensu ma daban ne, dangi dai suke, kamar yadda ceɗiya da gamji da durumi suke 'yan gida ɗaya da ɓaure.

Na daji araha gare shi, kashi-kashi ake sayarwa. Zaƙinsa kaɗan ne, ƙwayoyinsa da yawa, amma in ka dace da nunanne daga bishiyar da ke kusa da ruwa, akwai ɗanɗanon da na leda bai da shi. Nemi wanda ya yi ja-ja ko ruwan ɗorawa, mai ɗan taushi in ka latsa. In wutsiyarsa na fitar da farin ruwa kamar nono, ɗanye aka tsinko, zai ɗaure maka baki. Wanda ya fashe yana warin tsami kuwa, daga ƙasa aka tsince shi, awaki sun fi ka haƙƙi a kansa. Kuma kada ka saya da yawa. A zafin Maris da Afrilu, da ma'auni ke haura digiri 40, da wuya ya kwana biyu.

An ce mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa. Ni dai ina tonawa, kuma ina ba kowa shawarar ya tona. Dalili shi ne furen ɓaure a cikin ɗan yake, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin bishiyar ta yi fure. Wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro ne ke shiga ta ɗan ramin gindinsa su yi masa barbara, su yi ƙwai a ciki. In babu su babu iri. Su ba guba ba ne, ka ɓare ka hure su su tashi. Abin da ake tonawa don shi shi ne tsutsa da ruɓa. Ka ce wa mai tiren, "Inna, bari in ɓare guda." In ta ƙi, wuce gaba.

Na leda tsada gare shi, amma yana watanni in an ɓoye shi inda babu laima. Farin garin da ke bayansa sau da yawa sukarinsa ne ya fito, ba lalacewa ba ce. Baƙi-baƙi a ciki shi ne abin gudu, fumfuna ce, jefar da shi. Duba ranar ƙarewar wa'adi, ka kuma kauce wa ledar da ta yini a rana tana gumi. Kusan rabin nauyinsa sukari ne, don haka mai ciwon suga ya tsaya a guda ɗaya ko biyu, duk da kirarin da masu sayarwa ke yi masa da Suratut Tin.

Don buɗa-baki, ko tsarabar dattijo mai fama da taurin bayan gida, na leda nake saya, a jiƙa masa biyu su kwana. Don yara su ci yau su ƙoshi, na daji ya wadatar, a dai wanke shi da ruwa mai tsabta, a ɓare musu kafin a miƙa.