Sifika ɗaya mai inci 15 ko ƙanana huɗu masu inci 10: amsa ga mai son haɗa akwatin gitar bas

Salamu alaikum ƴan zaure. Ƙanena, na ga tambayarka kan ko ka sa babba guda mai inci 15 ko ƙanana huɗu masu inci 10 a akwatin da za ka haɗa. Sayi babbar. Duka biyun sun ratsa hannuna, kuma ɗaya ce kawai ke ɗakina har yau.

Tawa mai inci 15 ta hannu ce, wani abokina direba ya taho min da ita daga Sabon Garin Kano. Da ta iso ban ma da akwatin sa ta, sai da ta yi wata guda a ƙarƙashin gado cikin tsohon zane. Daga baya na sayi kontirfilake, wato katakon da aka manne siraran falle-falle, mai kaurin milimita 18, falle guda, irin mai santimita 122 a 244, na kai wa wani dattijon kafinta a Zango. Da na ce masa a bar ramuka biyu a gaba, sai ya ajiye zarto ya ce, "Yaro, akwatin da za ka huda, me ya sa kake son in toshe kowace kafa da gam?" Na zauna na yi masa bayani iya fahimtata, ya gyaɗa kai, kuma wallahi ya yi aikin da ko ni ban zata ba. Ranar da muka fara gwada ta a wani biki a Birni, na taɓa babbar tsirkiya sau ɗaya, mai gangarmu ya waiwayo yana dariya, ya ce a ƙirjinsa ya ji, ba a kunne ba. Tun ranar take bina, a bayan kabu-kabu, a amalanke, cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu, kuma ko sau ɗaya ban kai ta gyara ba.

Ga yadda aka yi ta, in kana son ka bi sawu. Cikin akwatin santimita 60 tsawo, 50 faɗi, 35 zurfi. Wannan lita 105 ke nan, in ka cire wurin da sifikar da katakan tokare suka ci, ya rage wajen lita 100. Ramukan nan biyu bututun roba ne na ruwa, mai faɗin santimita 10, kowanne an yanka shi santimita 16. Da wannan awo akwatin yana amsawa a wajen Hz 45 (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri), ita kuwa babbar tsirkiyar bas mai tsirkiya huɗu tana kan Hz 41. Ka ga sun yi kusa, shi ya sa iskar da ke fita ta bututun take taimaka wa sifikar daidai inda ta fi shan wahala. Fallen kontirfilake ɗaya ya ishe ka har da rara, kuma kada ka yar da rarar. A tokare gefe da gefe, gaba da baya da ita, don bangon da ke rawa satar ƙarar yake yi. A sa farin gam a kowace mahaɗa kafin a ɗaura sukuru, sannan a liƙa soson tsohuwar katifa a bangon baya da gefuna, amma kada ya rufe bakin bututun. Bututun da soson duk na same su a kasuwar Dole.

Wannan awon na tawa sifikar ne, ba aya ba ce. Kowace sifika ta kirki tana da lambobinta, waɗanda ake kira na Thiele da Small, sunan injiniyoyi biyu da suka tsara lissafin. Neville Thiele na Ostireliya ya fara wallafa nasa a 1961. Uku za ka nema: Fs (Hz ɗin da sifikar ta fi amsawa ita kaɗai), Qts (yadda take saurin tsai da rawarta) da Vas (laushin motsinta, a lita). In Qts ɗin bai kai 0.4 ba, mai bututu ya dace da ita. In ya haura sosai, rufaffen akwati zai fi mata. Akwai manhaja ta kyauta, WinISD, ka zuba mata lambobin ta ba ka girman akwati da tsawon bututu. In ba ka da kwamfuta, ka turo min lambobin in duba maka.

Su kuma ƙananan huɗu, ba zan ci haƙƙinsu ba: in na gaske ne, sun fi tura iska, don faɗin fuskar huɗun in an haɗa ya fi na babba guda, kuma sautin yatsa ya fi fitowa tsaf. Sai dai na gaske huɗu ba kuɗin mai lallaɓawa ba ne. Ni da na ce zan yi wayo, na sayi huɗu masu araha, ashe na mota ne. Ba su yi wata biyu ba biyu suka ƙone, akwatin kuma mutum biyu ke ɗaukarsa. Na sayar da shi a faɗuwa.

Kuma akwai tarkon da ke cikin haɗa wayarsu. Huɗu masu om 8 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar lantarki), in ka tara jan waya wuri ɗaya, baƙa wuri ɗaya, sun koma om 2, yawancin ampli kuwa, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ba ya jure ƙasa da 4. Dole sai ka jera bibbiyu, baƙar wayar ɗaya a jar ɗayar, sannan ka haɗa jerin biyun gefe da gefe, su dawo om 8. Kuskure ɗaya, ampli ya tafi. Babba guda waya biyu ce kawai, ja da baƙa.

Kada ka ji kamar mai inci 15 abin talaka ne. Kamfanin Ampeg na Amurka ya fito da amplin bas mai suna B-15 a 1960, sifika ɗaya ce mai inci 15 a ciki, kuma har yau masu ɗakunan naɗar sauti nemansa suke.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi damuna: masu sayarwa. Wani zai nuna maka kwali an rubuta wat 5000, sifikar kuma da hannu ɗaya kake ɗaga ta. Wannan lambar PMPO ce, lambar talla, ba ta nufin komai. RMS za ka tambaya, wato ƙarfin da take jurewa a kai a kai, kuma wat 250 zuwa 400 na gaskiya sun ishe ka biki da zaman fada. Wani kuma ƙonanniya zai sake naɗa wa bobin, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya manna tambarin manyan kamfanoni irin JBL ko Eminence a bayan maganaɗisu, ya rantse maka sabuwa ce. Ni an taɓa yi min haka, sai a gida na ga sawun sabon gam a gefen hular tsakiya. Saboda haka tafi da mitar auna om da batiri a aljihu. Mai om 8 za ta nuna maka tsakanin 5 da 7 a mita. In ka ga wajen 3, mai om 4 ce, ko me aka rubuta a jiki. Ka ɗora yatsu kewaye da tsakiya ka danna a hankali: in ka ji tana gurza, bar ta. Ka sunsuna, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Ka taɓa ƙaramin batiri a wayoyin, fuskar ta motsa ba tare da ƙarar gurzawa ba. Duk mai shagon da ya hana ka gwadawa, yi masa sallama ka wuce gaba.

Haka ma katako. Za a ce maka MDF, katakon garin itace da aka matse, ya fi santsi kuma ya fi araha. Gaskiya ne, amma ya fi nauyi, sukuru ba ya daɗewa a bakinsa, kuma ruwan damina ɗaya ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi. Kontirfilaken ma duba bakinsa ka ƙirga falle-fallen ciki, in akwai ramuka a tsakani kada ka karɓa. Ka sa wa akwatin ƙafafun roba ya tashi daga ƙasa saboda laima da gara, ka sa ragar ƙarfe a gaba saboda yara.

Abu guda da za ka kiyaye da mai bututu: ƙasa da inda aka saita shi, ba abin da ke riƙe sifikar, sai ta yi ta lilo a banza. In gitarka mai tsirkiya biyar ce, ta ƙasan tana wajen Hz 31, don haka kada ka murɗe bas ɗin ampli har ƙarshe. Da ka ji sautin ya fara yagewa, rage.

Ka nemi mai inci 15, om 8, irin ta masu kiɗan biki ba ta mota ba, ka zuba mafi yawan kuɗinka a kanta, fenti da kafet su jira. In ka samo, kafin ka biya turo hoton gaba da baya a nan mu gani. In kuma kana son ka ji tawa tukuna, ina gida bayan la'asar, taho da gitarka.