Jatan Lande ko Tarwada: Wanne Ya Dace da Kwamin Maraɗi?

Wani maƙwabcinmu ya dawo daga Kwatano da zancen kiwon jatan lande, har yana neman kwashe tarwadarsa daga kwami. Na ce masa, Malam, a yi lissafi tukuna.

Tarwada ba ta da fitina. A yi wa macen allurar sakin ƙwai, a matse ƙwan a haɗa da maniyyin namiji, kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. Tana leƙowa ta shaƙi iska, don haka ko ruwa ya ɗan gurɓace tana jurewa, ga masu saye a kasuwa kullum.

Jatan lande kuwa sai lallashi. Ba ya girma sai ya yi saɓa kamar maciji, ya tuɓe ɓawonsa ya bar shi fayau a ƙasan ruwa. A wannan lokacin jikinsa laushi ne tiɓis, 'yan uwansa na iya cinye shi idan babu maɓoya ko abinci ya yi ƙaranci. Babban nau'insa da ke zama a ruwan daɗi ma macen ba ta karɓar namiji sai ta gama saɓa, sannan ta riƙe ƙwan a ƙarƙashin cikinta wajen mako 3. 'Ya'yan kuma sai a ruwa mai ɗan gishiri suke rayuwa, abin da babu shi a Gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa. Ga sanyin hunturu da ke rage masa ci.

Ni dai tarwada zan zuba. Maƙwabcin ya ware ƙaramin kwami guda don gwaji.