Fiyanon Yamaha PSR-E373 a hannun tela mai waƙar siyasa

Sana'ata ɗinki ce, shagona yana Fagge a Kano, waƙa kuwa abar bayan sallar isha'i ce a wurina. Ba da ita nake cin abinci ba. Yawancin abin da nake rerawa siyasa ce, amma ba irin ta "sai kai, sai ka yi" ba. Ina waƙar kwatar unguwarmu da ke toshewa duk damina, da ajin firamaren da yara ke zaune a ƙasa, da wakilin da ba a ganin ƙeyarsa sai zaɓe ya ƙarato. Samari masu irin wannan sha'awa sun sha tambayata ko fiyanon da nake kiɗa da shi ya cancanci kuɗinsa, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar a wuri guda.

Sunansa Yamaha PSR-E373, ya shigo kasuwa a 2020. A Sabon Gari na saya, kuma a lokacin kuɗinsa ya yi kusa da na keken ɗinki mai kyau. Farashin yau sai ka taka ka tambaya, don kayan waje ne, dala na motsawa shi ma zai motsa. Maɓallansa 61 ne, kuma suna jin nauyin yatsa: ka taɓa a hankali ya yi magana a hankali, ka danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Yana da sautuka 622 da salon kiɗa 205. Nauyinsa bai kai kilo biyar ba, ina saka shi a jaka in hau adaidaita sahu da shi ba tare da na biya kuɗin kujera biyu ba.

Abu na farko da ya sa na riƙe shi da daraja shi ne batir. Yana aiki da ƙananan batura shida irin na tocila, masu lamba AA. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa ba zai ga girman wannan ba. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da layin wutar da ke ciyar da Arewa ya lalace muka yi fiye da mako guda cikin duhu, dutsen guga ya kwanta, injin saƙar aiki ya kwanta, amma fiyanon nan bai yi shiru ba. A cikin waɗannan darare na haɗa kiɗan wata waƙa da na rubuta kan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin shekarar, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shawarata ka sayi batura masu caji, ka kuma shiga saitin fiyanon ka nuna masa irin batirin da ka saka. In ka dogara da na shagon bakin titi, kuɗin da za ka kashe a wata uku zai ba ka haushi.

Na biyu, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, ramin USB ɗin da ke bayansa. Ba umarnin maɓallai kaɗai yake turawa ba, sautin kansa yake turawa. Ka sami waya irin ta firinta da ɗan kan da ke haɗa ta da wayar salula, sai kiɗan ya shiga wayarka tsaf, babu kukan janareton maƙwabci, babu hon ɗin masu babur. Ni a manhajar ɗaukar waƙa ta BandLab nake ɗauka. Ina fara zuba kiɗan, in cire wayar firintar, in saka abin kunne, in rufe ƙofar shago, sannan in ɗora murya a layi na biyu. Tulin yadudduka da ke rataye a shagon suna shanye amsa-kuwwa, muryar ta fito a bushe yadda ake so. Ba kowace wayar Android ce ke karɓar wannan haɗi ba, don haka ka gwada da taka tun kana gaban mai shago.

Me ya sa wannan ya dame ni haka? Duk wanda ya san harkar waƙar siyasa a garin nan ya san inda igiyar take. Situdiyo kuɗi ne, mai kiɗa kuɗi ne, 'yan amshi kuɗi ne, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma kuɗin man janareto ya hau kan kowane zama. Yaron da ba shi da ko sisi dole ya nemi wanda zai biya masa, wanda zai biya kuwa ɗan takara ne ko yaronsa. Daga ranar da ya karɓa, waƙar ta tashi daga tasa. Zai yabi wanda bai gina ko rijiya ba, ya zagi wanda bai taɓa gani ba, alhali dokar zaɓe ta haramta zagi da cin mutunci a yaƙin neman zaɓe. Ban ga laifin mai neman abinci ba, amma raina yana ɓaci in na tuna cewa a garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU a watan Agustan 1950, kuma mawaƙanta da baki kawai suke rerawa a dandali, talakawa su haddace su kai ƙauyuka, wasu ma su sha ɗauri a kai. Ba su jira ubangida ba. Fiyanon da zai ba tela damar gama waƙa daga farko har ƙarshe da kuɗin aljihunsa ya mayar mana da wani yanki na wannan 'yancin, kuma a nan ne na ga ya biya kuɗinsa.

Ga mai koyo, akwai sauƙi guda da ya dace da kunnenmu. Da yawa daga karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, baƙaƙen maɓallan fiyano kuma biyar ne a kowane rukuni. Ka fara laluben karinka a kansu, in ya yi wa muryarka sama ko ƙasa, akwai wurin da za ka sauke ko ka ɗaga shi har mataki goma sha biyu ba tare da ka sauya yatsu ba.

To, sai inda ya gaza. Ba a yi shi don mu ba. A cikin sautukan nan 622 za ka sami sita da tabla na Indiya, amma babu kalangu, babu kukuma, babu garaya, babu kuntigi. Akwai wani abin busa mai suna Shanai da ke kama da algaita in an saurara daga nesa, shi nake lallaɓawa da shi. Babbar matsalar ita ce ba shi da ɗan gargaren nan na gefen hagu da ake lanƙwasa sauti da shi. Harshenmu hawa da sauka ne, kalangu kuma yana magana ne saboda makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, sautin ya miƙe ya dawo. Fiyanon nan ba ya miƙewa, daga wannan mataki sai wancan. Na taɓa kunna wa wani dattijon makaɗi da ke kawo mini ɗinki, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, gangar taka tana bugawa, amma ba ta ce komai ba." Na ce, "Baba, to ko za ka zo ka sa ta yi magana?" Ya zo da kalangunsa wani dare muka ɗora a layi na uku, kuma duk wanda ya ji waƙar, wurin nan yake cewa a maimaita masa. Tun daga nan fiyano ke riƙe mini ƙasan kiɗa, kirari kuwa na bar wa fata da igiya.

Lasifikansa ƙanana ne, wat biyu da rabi kowanne. Sun ishi ɗaki, ba su ishi taron mazaɓa ba, sai ka jona da babbar sifika ta ramin abin kunne. Ba shi da wurin saka makirufo, ba ya karɓar filashi, kuma waƙa biyar kacal yake iya ajiyewa a cikinsa, kowace da layi biyu. Wanda ke son ya riƙa zuwa biki ko taro da shi, ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin yayansa, PSR-E473, wanda ke da gargaren lanƙwasa sauti da ramin makirufo da na filashi. An kuma fito da E383 a 2024 a matsayin magajinsa, don haka in mai shago ya ce maka E373 ne sabon yayi, ka nemi ragi.

A wajen saye, ka sa a buɗe kwalin a gabanka, ka danna maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, ka duba cajar da aka haɗo maka. Wani abokina an ba shi wadda ba ta asali ba, tana sa ƙara a cikin sauti, sai da ya koma ya yi ta fama kafin a canza masa. In na hannu za ka saya, ka buɗe gidan batir ka duba ko ruwan batir ya ci ƙarfen. Ka kuma ɗinka masa riga tun kafin hunturu, domin ƙurar Kano in ta shige ƙarƙashin maɓalli, sai ka danna a hankali ya amsa da ƙarfi, ko ya ƙi amsawa gaba ɗaya.