Hattara da mai tallar "jirgin layar zana" na wasan yara

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da kewaye. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp ɗinmu yana tallar ƙananan jiragen yaƙi na wasan yara, irin na ƙarfen zubi, a farashin sari. Ni ya riga ya ci kuɗina, shi ya sa nake rubuta wannan kafin ya kai ga wani.

Ina da ɗan shagon kayan wasan yara a Agege. Ana saura wata guda Sallah ya turo mini bidiyo, na ce sai na ga samfur. Washegari ɗan aike ya kawo. Gaskiya samfurin ba shi da makusa: baƙin F-117 ne, jirgin yaƙin Amurka da ake wa laƙabi da "layar zana" saboda wuyar ganinsa a radar, tsawonsa ya ɗan wuce taƙi ɗaya, ga nauyi, ga sanyi a tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa shi da farce ka ji ƙarar ƙarfe. Na ce a kawo katan biyu, na tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Ban ga sito ba, ban ga fuskarsa ba. Ya ce sitonsa na wajen Trade Fair, kullum "Alhaji ai kai namu ne". Wannan kuskurena ne, ba na musu.

Bayan kwana biyar ya kira da murya ƙasa-ƙasa, wai an riƙe kayan a tashar Apapa. Dalili? Wai fentin da ke jikin jiragen irin na sojan Amurka ne na gaske, mai shanye radar, don haka na'urar bincike ta kasa ganin abin da ke cikin kwantena, sai an ƙara kuɗin fito. Har da cewa kada in faɗa wa kowa, maganar tsaro ce.

Ɗan yayana da ke karatun injiniya yana shagon, ya ji komai. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Kawu, ai ko jirgin gasken ba fenti kaɗai ke ɓoye shi ba." Radar tana harba igiyar rediyo ne, ta bugi jirgi ta dawo, sai a gan shi. F-117 kuwa an ƙera jikinsa da falle-falle masu kusurwa, yadda igiyar za ta zame ta nufi wani gefe maimakon ta koma inda ta fito. Fentin taimako yake yi, sannan an shimfiɗe bakin hayaƙin injin don rage zafin da ake bibiya. Kuma ba layar zana ba ce ta gaskiya: jirgin ya fara tashi a 1981, Amurka ta ɓoye shi sai 1988, ya yi suna a yaƙin Tekun Fasha na 1991, amma a watan Maris na 1999 sojojin Yugoslabiya suka kakkaɓo ɗaya da tsohon makami mai linzami ƙirar Tarayyar Sobiyet. Na'urar da ke leƙa kwantena kuma hoton ciki take ɗauka irin na asibiti, babu ruwanta da radar. To wa zai shafa wa abin wasan yara fentin sirrin soja ya sayar a Legas?

Na ƙi ƙara ko kwabo. Na ce kaya ko kuɗina. Da ya ga na tsaya kai da fata, sai ga katan ɗaya a bayan babur, ɗan acaɓan ya ajiye ya yi gaba. Na ɗaga ɗaya, da nauyinsa, har na fara jin kunyar zargin da na yi. Sai ya kuɓuce ya faɗi a siminti ya dare biyu. Roba ce zalla, an fesa mata baƙin fenti, a ciki an manna noti biyu masu tsatsa da gam don a ji nauyi. Fentin yana kama yatsa. Waɗanda aka rubuta wa B-2 a kwali har da jela a tsaye, alhali B-2, wani jirgin yaƙin Amurka mai ɓuya wa radar, ba shi da jela sam, fiffike ne guda shimfiɗaɗɗe. Wannan ma ɗan yayan nawa ne ya nuna mini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali notin nan ne. Yaro ɗan shekara biyu in ya fasa, baki zai kai. Ban sayar da ko ɗaya ba, suna nan a ƙarƙashin kanta.

In za ku sari irin kayan nan, ku je sito da ƙafarku, ku zaro daga tsakiyar katan, ba wanda aka miƙo muku ba. Na gaske da tutiya ake zuba shi, don haka maganaɗisu ba ya kama jikinsa. In kuka ga maganaɗisu ya manne a ciki wuri ɗaya tak, ku yi zargin an cusa wani abu. Ku girgiza shi kusa da kunne, ku goga yatsa a fentin.

Lambarsa yanzu a kashe take, asusun da na tura kuɗi kuma da sunan wata mace ne. Na kai ƙara wurin 'yan sanda da rasit ɗin banki da saƙonnin muryarsa. Jiya wani abokina a Idi-Araba ya nuna mini bidiyon nan dai, daga sabuwar lamba, wannan karon wai jiragen sun iso ta Kwatano.