ACPI ko PCI: wace hanya ta fi tabbas wajen sake tayar da kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka ce duk lokacin da ka umarci Linux ta sake tayar da kwamfutarka sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi, fanka na ta juyawa, kwamfutar ba ta dawowa sai ka danne maɓallin wuta. Kana so ka san wanne ya fi tsakanin reboot=acpi da reboot=pci, zaɓuɓɓuka biyu da ke gaya wa Linux hanyar da za ta bi wajen sake tayar da injin.

Hanyar ACPI, wato ƙa'idar da Linux ke bi wajen sarrafa wutar injin, tambaya ce ake yi wa masu ƙera injin. Tun ACPI 2.0 na shekarar 2000, BIOS, wato manhajar da ke cikin injin wadda ke fara tashi kafin Linux, tana ajiye wani jadawali mai suna FADT, a ciki an rubuta adireshin da za a taɓa da lambar da za a aika idan ana son injin ya sake tashi. Linux ta karanta, ta aika. Tun 2011 ita ce hanyar da Linux ke fara gwadawa, kuma dalilin ya gamsar da ni ƙwarai: haka Windows ke yi, masu ƙera kwamfuta kuwa da Windows suke gwada kayansu kafin su fitar kasuwa. Hanyar da kowa ke bi ita ce ba ta da ciyawa. Rauninta guda ne, idan BIOS ta rubuta adireshin da ba daidai ba, to Linux za ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a ciki.

Ita kuwa hanyar PCI, wato reboot=pci, ba ta tambayar kowa. Kai tsaye take rubutu a ƙofa 0xCF9, wani adireshi a cikin injin inda injinan Intel da makamantansu ke karɓar umarnin sake tashi: 0x06 ya sake saita injin, 0x0E kuma har wuta yake ɗaukewa na ɗan lokaci. Tana da ƙarfi, amma ba ƙa'ida ce da aka wajabta wa kowane inji ba. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a injina da dama adireshin da ke cikin FADT ɗin ma wannan 0xCF9 ɗin ne.

Akwai tsohuwar hanyar kibod ta zamanin IBM AT na 1984, aika 0xFE zuwa ƙofa 0x64, wadda Linux ke komawa gare ta idan ACPI ta ƙi.

Shawarata, injin da ke tashi lafiya kada a taɓa shi. Naka da ke maƙalewa, ACPI an riga an gwada ta ta gaza, don haka rubuta reboot=acpi ba zai ƙara maka komai ba. Fara sabunta BIOS. In bai warke ba, a jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke bayyana kafin Linux ta tashi, danna e, ka ƙara reboot=pci a ƙarshen layin da ya fara da linux, ka shiga, sannan ka sake tayarwa. Idan ta dawo, sai ka sa shi dindindin a fayil ɗin /etc/default/grub ka gudanar da umarnin update-grub. Idan ta ƙi, gwada reboot=efi, muddin injin da UEFI, sabon magajin BIOS, yake tashi.