Zagaye uku a filin Buddh, inda Formula 1 ta yi shekara uku ta tafi

Shekarata biyu ina karatu a Greater Noida, kusa da Delhi, kuma duk sanda muka bi babban titin Yamuna sai idona ya kai kan rufin rumfar 'yan kallo ta filin tseren motoci na Buddh, inda aka taɓa yin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. Watan jiya dai na tara kuɗi na biya wani kamfani da ke ɗora mutum a kujerar gefe, ƙwararren direba ya zagaya da shi filin sau uku.

Wajen tuƙi kam sun fita kunyata. Hular kwanon da suka ba ni daidai kaina, suka ɗaure ni tamau, direban kuma mutum ne mai natsuwa. Tsawon filin kilomita 5.1 ne, da kwana, wato lanƙwasa, guda 16, zanen Bajamushen nan Hermann Tilke. A talabijin sai ka ɗauka shimfiɗaɗɗe ne, ashe hawa ake yi zuwa kwana ta uku, ba ka ganin gabanka sai ka kai sama, daga nan a sako ka kan miƙaƙƙen titi mai fiye da kilomita guda. Kwana ta 10 da ta 11 kuwa a haɗe suke, doguwa ce a karkace, sai ka ji kamar ba za ta ƙare ba. Wuyana ya kwana biyu yana ciwo. Mu fa mota mai rufi muka shiga. Ina ga direbobin Formula 1 a motoci masu kujera ɗaya, tayoyi a waje, kai a buɗe, zagaye 60?

Abin da ya sosa min rai shi ne ba wanda ya ce mana uffan kan tarihin wurin. Na tambayi matashin da ke raka mu inda direban Formula 1 ɗin nan Sebastian Vettel ya tsayar da motarsa a 2013, ya ce shi aikinsa jera mutane a layi.

Alhali labarin ne ya kawo ni. Ranar 30 ga Oktoba 2011 aka yi gasar Formula 1 ta farko a filin, gwanin kurket Sachin Tendulkar ya kaɗa tutar kammalawa, ɗan ƙasa Narain Karthikeyan yana cikin masu tsere da motar ƙungiyar HRT. Vettel na ƙungiyar Red Bull ya ci wannan, ya ci ta 2012, ya ci ta 2013. A ta ƙarshen, ranar 27 ga Oktoba, ya ɗauki kambun duniya karo na huɗu a jere, ya yi ta murza motar a gaban rumfa har hayaƙi ya turnuƙe, sannan ya fito ya durƙusa a gabanta. An ci ƙungiyarsa tarar Yuro 25,000 saboda hakan. Ba wani direban da ya taɓa cin gasar Indiya sai shi.

Yarjejeniyar yin gasar a filin ta shekara biyar ce. Aka ce za a tsallake 2014 a dawo 2015, shiru kake ji. Gwamnatin jihar Uttar Pradesh, inda filin yake, ta ɗauki tseren a matsayin nishaɗi, ba wasa ba, sai rigimar haraji ta taso. Kamfanin Jaypee, wanda ya gina filin da kuɗinsa, shi ma bashi ya yi masa katutu. A ganina an yi gaggawar barin abin ya mutu. Shekara uku ba ta isa a ce jama'a sun saba da wasa ba. Babura na MotoGP sun zo a Satumbar 2023, Marco Bezzecchi ya yi nasara, amma Formula 1 ba ta sake leƙowa ba.

Kuɗin ba kaɗan ba ne ga ɗalibi, zagaye ukun kuma kafin ka ankara sun ƙare. Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Wanda zai je, ya fara kallon tseren 2013 tukuna, ya tafi da safe kafin rana ta buɗe, kuma ya roƙa a bar shi ya ɗan tsaya a layin farawa. Ni minti biyu suka ba ni, rumfar nan ba kowa sai tantabaru.